Mai shiga ajin ɗansa, ya shiga don 'ya'yan wasu

Duk farkon shekarar karatu makarantun firamare da yawa sukan aiko wa iyaye da saƙo iri ɗaya: ana neman masu aikin sa kai a aji. Wani ya saurari karatun yara, wani ya raka su ziyara, wani ya yanka takardu ya jera littattafai. Saƙon na faɗawa guruf ɗin iyaye na WhatsApp sai a rabu gida biyu. Masu sarari suna rige-rigen ba da suna, marasa sarari sun yi tsit, zuciya na raya musu cewa sun gaza.

Ni dai ina goyon bayan iyaye su shiga aji. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dalilin da ke kai yawancinmu, wato “don yarona ya ƙara ƙoƙari.” Dalilin nan ba shi da ƙafar tsayawa, kuma shi ke ɓata aikin tun daga bakin ƙofa.

A 2003 ma'aikatar ilimi ta Ingila ta sa Charles Desforges da Alberto Abouchaar su tattaro binciken da aka yi kan rawar iyaye a karatun yara. Abin da suka tarar shi ne, babban tasirin daga gida yake fitowa: hira da yaro, kwanciyar hankali, da burin da iyaye ke nuna masa suna da shi a kansa. Zirga-zirgar iyaye a harabar makaranta ba ta kama ƙafar wannan ba. A 2014 kuma Keith Robinson da Angel Harris a Amurka suka auna hanyoyi fiye da 60 da iyaye ke sa hannu a karatu, suka ce yawancinsu, har da taimakawa a makaranta, ba sa ɗaga makin yaro yadda ake zato. An yi ta ja-in-ja da su kan yadda suka yi lissafin, amma ba su kaɗai suka hango haka ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da aka yi a unguwar Haringey ta Landan, wanda Jack Tizard da abokan aikinsa suka wallafa a 1982. Yara ne 'yan shekara shida zuwa takwas. Wasu azuzuwan aka ce su riƙa tafiya gida da littafi, su karanta wa iyayensu sau biyu zuwa huɗu a mako. Wasu kuma aka ƙaro musu ƙwararriyar malama tana yi musu ƙarin darasi a makaranta. Bayan shekara biyu, waɗanda iyayensu ke saurara a gida su ne suka yi zarra. Cikin iyayen nan har da waɗanda ba su iya karanta Ingilishin ba. Zama kawai suke yi, yaro na karantawa, suna kasa kunne.

Saboda haka ke 'yar'uwa da kike fita aiki tun asuba, da kai ɗan'uwa da ba a ba ka ko rabin yini sai an zaftare albashi, ku sauke nauyin nan daga ƙirjinku. Minti goma bayan cin abincin dare, yaro a gefenku da littafinsa, ya fi yi masa amfani a kan a gan ku a aji kowace Talata. Su waye ma ke da sararin zuwa da ƙarfe goma na safe a ranar aiki? Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta ba ma'aikatan manyan wuraren aiki damar ɗaukar har awa 40 a shekara don harkokin makarantar 'ya'yansu, amma ba ta wajabta a biya su kuɗin awannin ba. Mai cin abin da ya samo yau ba zai mori dokar ba. Wata mai bincike a Amurka, Annette Lareau, ta zauna a azuzuwan 'yan aji ɗaya a makarantu biyu, ɗaya ta 'ya'yan masu hali, ɗaya ta 'ya'yan leburori, ta buga abin da ta gani a 1989. Iyayen ɓangarorin biyu duk suna son 'ya'yansu su yi karatu, amma malamai sukan ɗauki rashin ganin fuskar leburori a matsayin rashin damuwa. (Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, “iyaye” a wannan magana kusan kullum uwaye ake nufi. Ƙungiyar iyaye da malamai ta Amurka ma da aka kafa a 1897 da sunan taron uwaye ta fara. Iyaye maza, ba a rubuta a ko'ina cewa ƙofar aji ta fi ƙarfinku ba.)

To, idan ba don naka ba, don me za ka je? Yi lissafi. Aji mai yara 30, a ce kowanne ya karanta wa malama na minti biyar kacal, minti 150 ke nan, awa biyu da rabi, ba ta koyar da lissafi ba, ba ta raba faɗa ba, ba ta share wa kowa hawaye ba. Ba ta da wannan lokacin. Kuma a kowane aji akwai yaron da babu mai sauraron karatunsa a gida, ko don maraici, ko don rashin lafiya, ko don iyayen ba sa dawowa sai ya yi barci. Wannan yaron shi ne dalilin zuwanka. Naka yana da kai da daddare. Muna yawan cewa ɗa na kowa ne, to ga wurin gwada maganar.

Da zarar niyya ta koma kan ɗanka, sai abubuwa su fara karkacewa. Za ka ja kujera kusa da shi. Shi kuma ko ya lafe a jikinka ya daina kula malama, ko ya fara yi wa abokansa taƙama. Idonka zai koma ƙirga sau nawa aka kira shi ya amsa tambaya, da wane littafi aka ba ɗan wance. Malama kuwa ba yarinya ba ce, ta san bambancin wanda ya zo kama mata aiki da wanda ya zo duba ta. Sannan ba ta da ikon sallamarka kamar ma'aikaci, tunda kyauta kake yi kuma gobe ma da kai za ta gaisa a bakin ƙofa. Sai ta haɗiye, ta ƙara da kula da kai a kan yara talatin ɗin.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne baki. Wanda ya zauna a aji zai ga yaron da har yanzu bai rarrabe b da d ba, da wanda ya jiƙa wandonsa, da wanda ake fitarwa don taimako na musamman. Amana ce. Idan labarin ya fita a hirar bakin ƙofa ko ya faɗa guruf, ko da cikin sigar tausayi ne, an ci amanar yaron da bai san an yi ba. Amurka tana da doka tun 1974 da ke kare bayanan karatun ɗalibai, amma doka ba ta ɗaure harshe. Waya ma ta zauna a jaka, hoton ɗan wani ba naka ba ne da za ka ɗora. Kuma idan makaranta ta ce sai ta binciki tarihinka, kada ka ce an raina ka. A Ingila duk mai sa kai da zai riƙa keɓewa da yara a kai a kai ba tare da sa ido ba sai ya bi ta hukumar DBS mai binciken ko mutum na da tarihin aikata laifi, wadda aka kafa a 2012. Makarantar da ta bar kowa ya shigo ba tambaya ita ce abin tsoro.

Su ma makarantun suna da nasu laifin. Abin da aka saba shi ne a ce, “Maman wane, ga waɗannan ukun da ke baya, ki zauna da su a lungu.” Peter Blatchford da tawagarsa a Landan sun bi diddigin ɗalibai fiye da 8,000, suka fitar da sakamako a 2009: yaran da suka fi samun taimakon mataimakan malamai su ne suka fi tafiyar hawainiya, ko da an kwatanta su da takwarorinsu masu irin matsalarsu. Dalili kuwa, an raba su da malamar da ta fi kowa sanin aiki, kuma mai taimako yakan fi damuwa da a gama aikin a kan a fahimce shi. Waɗannan ma'aikata ne masu albashi. Ina ga uba ko uwa da ba a horar da su ko na yini ɗaya ba? A juya tsarin: mu riƙe waɗanda suka iya, malama ta samu sukunin zama da masu rauni. Idan kuma an ba ka yaro ya karanta, ya cije a wata kalma, danne zuciyarka ka yi shiru na ɗan lokaci kafin ka faɗa masa. Ka kuma tambayi malama yadda take koyar da sautin haruffa da ɗebewa, don hanyar da aka koya mana ba lallai ita ce tasu ba, kuma hanya biyu a lokaci guda ruɗa ƙaramin yaro take yi.

Na san yaro yana murna idan ya ga mahaifiyarsa a makaranta, ban raina wannan ba. Ranar wasanni da ranar ziyara sun isa su biya wannan buƙata. Aikin mako-mako kuwa, ka roƙa a kai ka wani ajin daban. Makarantu da yawa a Ingila haka suke yi da gangan. Su kuma shugabannin makarantu su ware ayyukan da za a iya yi a gida ko ranar Asabar, kamar liƙe littattafan da suka yage, domin masu aikin yini su samu shiga. Kuma don Allah a daina karanto sunayen iyayen da suka taimaka a gaban taron yara, a aika musu da takardar godiya gida.