Ni da na yi wa Hajiya huɗubar sirrin kwastoma

Jama'a har yanzu ban gama dawowa daidai ba, duk wanda ya gan ni a Zoo Road ina bin ɗaya hannun titin kamar mai gudun bashi don Allah kar ya tambaye ni dalili.

Kun dai san Hajiya mai turaren wuta, ƙawar Umma. Ita ta kira ni wai tunda na iya kwamfuta in haɗa mata yadda za ta riƙa tura wa kwastomomi talla ta imel, don 'yarta ta Ingila ta ce haka manyan shaguna suke yi. Muka yi ciniki, ba zan faɗi nawa ba kar ku raina ni. Ranar farko sai ga yaron shagonta, mai hular sanyin nan da ko a zafin Afrilu ba ya cirewa, ya jawo wani abokinsa daga kasuwar waya ta Farm Centre da filash a hannu, wai imel dubu 20 ne a ciki, duk na manyan matan Abuja da Kaduna, a ba shi dubu 15 kacal.

A nan fa na gyara tsayuwa na yi huɗuba. Na ce Hajiya wannan satar bayanan mutane ce, ba wacce ta ce a turo mata talla a cikinsu, rabi ma matattun adireshi ne, in aka tura sai Gmail ya watsa mu cikin spam, wato kwandon sharar saƙonni, Mailchimp kuma, manhajar da ake tura talla ta imel da ita, ba ya yarda da lis ɗin da aka sayo, rufe akawun zai yi. Na ce akwai dokar kare bayanan jama'a da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, har hukuma gare ta, NDPC, kuma ƙaramin ɗan kasuwa tararsa tana iya kaiwa naira miliyan 2. Na ce shiru ba yarda ba ne a dokar nan, sai mutum ya amince da kansa, kuma ran da ya ce a cire shi dole a cire shi. Har da ɗaga yatsa wallahi, na ce imel ɗin kwastoma amana ce Hajiya, amana. Ta ce to ɗan nan, yi yadda ka sani. Mai hula ya kalle ni irin kallon wanda aka zubar wa da miyar la'ada.

Muka ajiye littafi a kan kanta, a saman kowane shafi na rubuta cewa na yarda a riƙa turo min sanarwar sabbin kaya, duk wacce ta cike a ba ta ƙaramar kwalbar humra kyauta. Nan na gane yawancin matan garin nan ba su san imel ɗinsu ba, sai ka ji an ce ai yaron da ya saita min waya ne ya buɗe, sai na karɓi wayar na shiga Play Store na karanto mata. Bayan nan kuma kowa na tura masa saƙon tabbatarwa, sai ya danna sannan ya shiga lis. Sati uku ina wannan wahala, mutum 94 suka rubuta, 61 suka danna. Kullum mai hula sai ya leƙa littafin ya ce oga mun kai dubu ashirin ɗin kuwa?

To daren wata Laraba wajen ƙarfe goma Hajiya ta kira, kaya sun iso daga Maiduguri, a tura yanzu yanzu kafin ta kusa da ita ta riga ta. An ɗauke wuta tun la'asar, laptop ta mutu, waya saura caji 9. Na ce ai mutum 61 ne kawai, Gmail yana ɗaukar har 500 a rana, me zai sa in tsaya neman Mailchimp a waya. Na kwafo adireshin duka na manna, na rubuta talla mai daɗi har da fure, na danna tura, na kwanta ina jin kaina.

A CC na manna. Ga waɗanda ba su sani ba, BCC shi ne kowa ya samu saƙo ba tare da ya ga sauran ba, CC kuwa kamar ka tara mutane a tsakar gida ne ka kira sunan kowa da lasifika, ƙaramin layi ɗaya ne tsakaninsu a allon waya.

Da asuba da aka kawo wuta na jona waya sai ji nake tana ta ƙara kamar ta mai POS. Wadda ta fara amsa tallan ba laifi, masha Allah nawa ne babbar kwalba, sai dai ga kowa ta aika. Ta biyu ma haka. Ta huɗu ce ta kashe ni. Wata baiwar Allah ce ta rubuta, kuma ga mutum 61 ɗin nan duka: Abban yara wannan ba imel ɗinka na ofis ba ne nake gani a layi na uku? Ni dai ban ga humra ta shigo gidan nan ba. Daga nan kasuwa ta buɗe. Wata ta ce 'yar uwa ki yi haƙuri ki bincika tukuna, wata ta ce maza ai sai Allah, wata kuma ko kunya babu ta rubuta Allah Ya sanya alheri. Kafin ƙarfe takwas wata mai sayar da turare da ashe ta cike littafinmu don ta karɓi kyauta ta kwashe adireshin duka ta tura nata tallan, da ragin farashi.

Ƙarfe tara Hajiya ta ce in zo. Na shiga da sallama a ciki ciki, shago cike, kasko na ta hayaƙi, ga wani dattijo da babbar riga ruwan toka zaune a kujerar roba yana kaɗa makullin mota a yatsa. Na durƙusa na gaida Hajiya, ba ta amsa ba, sai ta juya ta ce Alhaji ga shi nan. Ya dube ni tun daga takalmi har kai, a hankali, ya ce kai ne mai kwamfutar? Na ce eh ranka ya daɗe. Ya ce ɗan waye kai? Wallahi sai da na yi tunanin in ba da sunan maƙwabcinmu. Ya ce yaro shekara 22 ina zaune da iyalina lafiya. Ya yi shiru. Ni ma na yi shiru. Makullin nan dai bai daina kaɗawa ba, kacau, kacau, ni kuma ina durƙushe gwiwa ta fara ciwo amma ba halin tashi, ga mata uku sun daina shinshinar kwalba sun zuba min ido. Na buɗe baki in yi bayanin bambancin CC da BCC, na ce ranka ya daɗe layi biyu ne a wajen, ya ce ni ma layi biyun nake ƙoƙarin haɗawa ka ɓata min. Matan nan suka tuntsire, ɗaya har da riƙe kanta.

Sai Hajiya ta ɗaga yatsa, irin yadda na ɗaga nawa sak, ta ce amana ce ɗan nan, amana, ko ba haka ka ce ba? Miliyan nawa ma ka ce?

Kafin in amsa mai hula ya cafe daga bayan kanta, biyu Hajiya, miliyan biyu ya ce. Wannan yaron fa, bari in faɗa muku, cajata mai kan nan fari tun satin farko ya ara wai minti biyar, da tana hannuna da a shagon zan cika laptop kafin in tafi gida ranar, duk wannan bala'in ba zai faru ba. Kuma shi ne ya tura wa Alhajin littafin ya ce ya cike a ƙara masa kwalba, na gani da idona. Yanzu shi ne yake tsaye yana goge kwalbar da ba ta da ƙura, yana cewa shi dai na filash ɗinsa ba wanda ya san wani a ciki balle a yi rikici. Har yana tambayata wai oga in kira abokin nawa ne? A gaban Alhaji.

Na dai koma gida na rubuta wa kowa ban haƙuri, ɗaya bayan ɗaya wannan karon, na faɗa musu abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, na ce duk mai son a cire shi ya faɗa. Mutum 14 suka fita, saura 47. Dokar ta yi maganar sanar da hukuma cikin awa 72 in bayanan mutane suka fita ta yadda za a iya cutar da su, na yi wa Hajiya zancen ta ce in ƙara ambatar doka a shagonta in gani.

Cikon kuɗina har yau shiru, Umma kuma ta ce kar in kuskura in tambaya. Alhajin bai fita daga lis ba, duk saƙon da na tura ta Mailchimp ina ganin ya buɗe, ban san shi ne ko uwargidan ba. In wani zai bi ta shagon don Allah ya karɓo min cajata.