Kentucky: jihar da mutanen ƙauye ke riga na birni mutuwa

Daga birnin Lexington zuwa Booneville, hedikwatar gundumar Owsley a jihar Kentucky ta Amurka, tafiyar mota ba ta kai awa biyu ba. Gwamnansu ɗaya, majalisarsu ɗaya, dalar da suke kashewa ɗaya. Amma wani bincike da masana daga Jami'ar Washington suka fitar a 2017 ya nuna cewa jaririn da aka haifa a Owsley a 2014 shekara 70 da 'yan watanni ake sa ran zai yi a duniya, alhali wanda aka haifa a nan a 1980 an sa masa ran shekara 72 da ɗoriya. A tsakanin waɗannan shekarun Amurka baki ɗaya ta ƙara fiye da shekara 5, ta kai 79. Ƙasa ta yi gaba, Owsley ta yi baya. Kuma ba ita kaɗai ba ce: cikin gundumomi 10 da tsawon rai ya fi raguwa a duk faɗin Amurka, 8 a gabashin Kentucky suke, wato Owsley, Lee, Leslie, Breathitt, Clay, Powell, Estill da Perry.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa, domin ni ma da shi na tashi: kwana in ya ƙare, ya ƙare. Haka ne. Ajalin mutum ɗaya ba wanda ya san shi sai Allah. Amma idan gundumomi takwas da ke kusa da juna suka riƙa binne mutanensu da wuri shekara da shekaru, ai ruwa ba ya tsami banza. Akwai sababi, kuma sababin nan mutane ne suka haɗa shi.

Amsar da ta fi sauƙin bayarwa ita ce nisa. Ƙauye ne, tsaunuka ne, hanya ce mai lanƙwasa, asibiti na da nisa, shi ke nan. Ban yarda da wannan amsar ba, ko in ce ban yarda ta isa ba, kuma tarihin jihar ne ya hana ni yarda.

A ƙarni na 19 birni ne wurin mutuwa a Amurka, ba ƙauye ba. Cunkoso, kwata a buɗe, ruwan kogi da ake sha ba tacewa, zazzaɓin taifod da kwalara. Mutumin da ke gona ya fi na birni daɗewa a duniya. Louisville, birni mafi girma a Kentucky, na cikin wuraren da aka juya wannan lissafi. A can ne injiniya George Warren Fuller ya yi gwaje-gwajen tace ruwan kogin Ohio daga 1895 zuwa 1897, aka buɗe matatar ruwa ta Crescent Hill a 1909, taifod ya ja da baya. Ba iskar birni ce ta canza ba. Kuɗi aka zuba a famfo da magudana.

Ƙauyen ma ya taɓa nuna abin da zai iya. A 1925 wata mata mai suna Mary Breckinridge ta kafa ƙungiyar nas-nas masu aikin ungozoma a gundumar Leslie, lokacin da babu kwalta ko ɗaya a yankin. A kan doki suke tafiya, su bi ta cikin rafi inda babu hanya, da jaka biyu rataye a sirdi, ɗauke da almakashi, zare, tsumma mai tsabta da magani. Suna zuwa gidan mai ciki tun kafin naƙuda, su auna ta, su dawo bayan haihuwa su duba jariri, su yi wa sauran yaran gidan rigakafi. Kuɗin haihuwa dala 5 ne, wanda ba shi da kuɗi ya biya da ƙwai ko ciyawar doki ko aikin ƙarfi. Yawan matan da suka mutu wajen haihuwa a hannunsu ya yi ƙasa ƙwarai da na Amurka baki ɗaya a wancan zamani. Wannan gundumar ta Leslie ita ce yau ke cikin takwas ɗin da na lissafa. Tsaunin bai ƙara tsawo ba, yanzu ma har da kwalta da motar asibiti da jirgi mai saukar ungulu. To me ya faru?

Kafin amsa, ya kamata a san yadda ake wannan lissafi, domin nan ne ake yawan ruɗa mutane. Kentucky na da gundumomi 120, kwatankwacin ƙananan hukumominmu, da mutane kusan miliyan 4 da rabi. Tun 1911 doka ta wajabta rubuta kowace mutuwa. Takardar na ɗauke da shekarun mamaci, abin da ya kashe shi, da gundumar da yake zaune. Don haka mutumin Breathitt da aka garzaya da shi asibitin jami'a a Lexington ya cika a can, a lissafin Breathitt za a sa shi. Sannan ba a kwatanta yawan gawa da yawan gawa. Gundumar Jefferson, inda Louisville take, ita ce kan gaba kullum a adadin waɗanda ƙwaya ta kashe, saboda ta fi kowa jama'a. Amma in aka auna da mutum 100,000, sai ka ga ƙananan gundumomin gabas irin su Estill, Lee da Breathitt sun hau sama. Haka kuma ana daidaita lissafin da shekarun mutane, domin ƙauye ya fi birni tsofaffi, kada a ce tsufa ne kawai.

Bayan duk wannan gyaran, tazarar na nan, kuma ƙaruwa take yi. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna cewa a 1999 mutuwa a karkarar Amurka ta fi ta birane da kashi 7 cikin 100. Zuwa 2019 ta fi ta da kashi 20. Ma'aikatar noma ta ƙasar ta duba 'yan shekara 25 zuwa 54 kaɗai, ta cire haɗarin mota da kisa da shan ƙwaya, ta bar cututtuka zalla. Tazarar ta tashi daga kashi 6 a 1999 zuwa kashi 43 a 2019. A nan maganar take. Waɗanda ke mutuwa masu jini a jika ne, magidanta da matan aure masu yara a makaranta, kuma ciwon zuciya, ciwon daji, ciwon sukari da cutar huhu ne ke ɗauke su.

A gabashin Kentucky labarin ya fara ne da kwal. A ƙarshen shekarun 1940 mahaƙa kwal a jihar sun haura 70,000. Zuwa 2020 ba su kai 5,000 ba. Kwal ya ci lafiyarsu lokacin da yake nan, ya kuma tafi da abincinsu lokacin da ya tafi. Jijiyoyin kwal masu kauri sun ƙare, sai kamfanoni suka koma kan sirara, inda dole injin ya yanki dutse tare da kwal. Ƙurar dutsen nan ta fi ta kwal illa ga huhu. A 2016 aka ba da rahoton cewa wani asibitin ɗaukar hoton ƙirji guda ɗaya a Pikeville ya ga mutum 60 masu mafi munin nau'in cutar baƙin huhu cikin ƙasa da shekara biyu, cutar da aka ɗauka an kusa gamawa da ita. Binciken gwamnati na 2018 ya ce cikin mahaƙan tsakiyar tsaunukan Appalachia da suka yi shekara 25 ko fiye suna aiki, ɗaya cikin biyar na da cutar baƙin huhu. Mai wannan cuta in ta yi nisa, daga ɗaki zuwa bakin mota sai ya tsaya ya huta, da robar iska a hanci, yana jan tukunyar iskar a bayansa. Wasu ba su kai shekara 50 ba. Ba ta da magani sai dashen huhu. Kuma a wannan shekarar ta 2018 majalisar jihar ta yi dokar da ta hana likitocin hoto tantance cutar a shari'ar neman diyya, ta bar aikin ga likitocin huhu ƙalilan. Wannan ba tsauni ne ya yi shi ba. 'Yan majalisa ne suka ɗaga hannu a Frankfort, babban birnin jihar.

Jikin da aikin rami ya farfasa shi ne kasuwar da masu maganin kashe zafi suka samu. Kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996, aka tallata wa likitoci shi a matsayin maganin da ba ya saurin kama mutum. Ya kama. Kentucky ta kai kamfanin ƙara a 2007, aka sasanta a 2015 kan dala miliyan 24, kuɗin da bai kai ko kusa da ɓarnar ba. Da aka tsaurara rubuta ƙwayar, waɗanda suka riga suka kamu suka koma hodar heroin, daga nan zuwa fentanyl, wani maganin kashe zafi da ya fi heroin ƙarfi. A 2021 mutum fiye da 2,200 ne shan ƙwaya fiye da kima ya kashe a jihar.

Ga taba kuma. Kentucky ƙasar noman taba ce tun kaka da kakanni, tana cikin jihohin da aka fi shan sigari, kuma ita ce ke yawan zuwa ta ɗaya a kamuwa da ciwon dajin huhu. A nan masu cewa laifin mutanen ne suke samun abin faɗa: wa ya sa musu sigari a baki, wa ya ce su yi ta shan lemon kwalba? Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Sai dai mutanen birni ma sun sha taba kamar ba gobe a shekarun 1960, suka rage. Abin tambaya shi ne me ya sa raguwar ta yi sauri a inda ake da aiki da makaranta da likitan da zai bi ka da magana, ta yi nawa a inda babu. Lemon kwalbar ma yana da labari. A gundumar Martin, inda Shugaba Lyndon Johnson ya je a 1964 yana shelar yaƙi da talauci, madatsar dagwalon kwal ta fashe a 2000 ta gurɓata rafuka, kuma a 2018 mutane sun yi kwanaki famfo ba ruwa, in ya zo ma sau da yawa da launi. Shekara fiye da 100 bayan Louisville ta tace nata ruwan ke nan.

Hujja mafi ƙarfi da za a iya kawo mini ita ce ƙaura. Tun bayan yaƙin duniya na biyu mutanen tsaunukan nan ke bin hanya zuwa masana'antun Ohio da Michigan, yau kuma zuwa Lexington da Louisville. Mai lafiya da mai takarda su ne ke tafiya, mara lafiya ya zauna. Ke nan wani ɓangare na tazarar ba ƙarin ciwo ba ne, tacewa ce. Sannan Owsley mutum 4,000 ne da 'yan kai, mutuwar mutum goma ƙari a shekara ɗaya na iya girgiza lissafinta. Na karɓi duka biyun. Amma lissafin shekara 34 a gundumomi takwas ba girgizar shekara ɗaya ba ce, kuma wanda aka bari a gida saboda ba shi da ƙarfin tafiya shi ma ɗan jiha ne mai haƙƙi a kan baitulmali.

Kada kuma a ɗauka birnin aljanna ne. Rahoton hukumar lafiya ta Louisville ya nuna tazarar fiye da shekara 10 tsakanin unguwannin gabas na masu hali da unguwannin yamma, inda baƙar fata suka fi yawa, inda Muhammad Ali ya tashi, kusa da masana'antun roba da sinadarai. Mutumin yammacin Louisville yana iya hango benen asibiti daga unguwarsu, amma tsawon ransa ya fi kusa da na farar fatar Owsley fiye da na maƙwabcinsa na gabas. Wannan kaɗai ya isa ya rushe hujjar nisa. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe ta ƙasa ya ga abin da zai zubo. Matsakaicin lissafin jiha, har ma na gunduma, bakin buhu ne.

Mu a nan ko ƙarfen sokawar ba mu da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a karkarar Najeriya 157 ba sa kai shekara 5, a birane kuwa 92. Wannan daga tambayar iyaye mata gida-gida aka samo shi, ba daga rajista ba. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa tana nan tun 1992, amma wanda ya rasu da safe ana kai shi makwancinsa kafin azahar, ba a neman takarda sai in akwai kuɗi a banki ko fansho. Shi ya sa gwamnan Kano ba zai iya ajiye ƙananan hukumomi 44 a tebur ya ce ga inda magidanta ke mutuwa da wuri, ga abin da ke kashe su ba. Gwamnan Kentucky zai iya, ko da bai so ba.

Kuma lissafin ya nuna abin da ke aiki. Lokacin da Gwamna Steve Beshear ya faɗaɗa shirin inshorar talakawa na Medicaid a 2014, marasa inshora a jihar suka ragu daga kusan kashi 14 cikin 100 zuwa kusan 6 cikin shekara biyu. Katin bai rufe tazarar ba, domin ba ya goge ƙurar shekara 25 daga huhu, amma shi ke biyan kuɗin gwajin ciwon daji da na jinyar masu ƙwaya, shi ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Da aka haɗa shi da raba maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta sumar, mutuwar ƙwaya ta sauko zuwa kusan 1,400 a 2024.

A ranar 4 ga Yuli 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar da za ta rage ɗaruruwan biliyoyin daloli daga Medicaid cikin shekara goma, tare da ware dala biliyan 50 ga lafiyar karkara a duk ƙasar. A wasu gundumomin gabashin Kentucky fiye da rabin jama'a da wannan katin suke ganin likita, kuma gundumomin ne suka ba shi ƙuri'a da gagarumin rinjaye. A ganina biliyan 50 ɗin ba za ta cike gurbin abin da aka cire ba, kuma asibitin da zai fara rufe ɗakin haihuwa ba a Lexington yake ba.