Kwalin Farantan TLC A Shara, Da Ruwan Kududdufan Kuza A Jos

A wani ɗakin gwaje-gwaje na koyarwa a arewacin Ingila, ma'aikaciyar da ke kula da kaya ta ɗauki kwalin farantan TLC, wato farantan da ake ɗiga samfuri a kansu don a raba sinadaran da ke cikinsa, ko rabinsa ba a taɓa ba, ta jefa shi shara don kwanan watan da ke jikinsa ya wuce. Abin ya ƙona min rai. A wurin nan kowane ɗalibi da tabaransa da safar hannu da kwalbarsa mai murfi, ga akwatin gilashi mai zuƙe hayaƙi jingine da bango, ga sinadarai an haɗa tun da safe an manna wa kowace kwalba takarda. Ɗalibi ya ɗiga, ya jira, ya kwafi lamba, ya tafi. Dokarsu ta bi, ba laifinta. Amma da a Jos kwalin nan yake, aji guda zai daɗe yana cin moriyarsa.

Aikin kansa ba wani tsafi ba ne. Ka samu faranti mai shafin selulos, ka ja layi da fensir santimita 1.5 daga ƙasa. Biro bai yi ba, tawadarsa za ta bi ruwan ta hau. A kan layin ka ɗiga samfurinka, kusa da shi ka ɗiga ruwan nikel da kobalt da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe waɗanda ka riga ka sani. Kada faɗin ɗigo ya wuce milimita 3, kuma ka bari ya bushe kafin ka ƙara wani a kansa. Ruwan da zai hau farantin kuwa asiton kashi 9 ne da asid HCl mai ƙarfin 6M kashi 1, zurfinsa a kwalba rabin santimita, ƙasa da layin fensir. A rufe kwalbar kamar minti 10 tururi ya cika ta, sannan a tsayar da farantin.

Baƙin ƙarfe yana haɗuwa da kularaid ɗin da ke cikin asid ɗin ya zama abin da asiton ke ɗauka cikin sauƙi, shi ya sa yake bin bakin ruwan har kusan ƙoli. Nikel ba ya son wannan haɗin, sai ya maƙale a gindi. Kobalt da jan ƙarfe suna tsakani, jan ƙarfe a gaba. Da ka ciro farantin ka yi wa bakin ruwan alama nan take, don asiton ba ya jira. Ka turara shi da amoniya, jan ƙarfe zai fito shuɗi. DMG, wani sinadarin gano nikel da ake fesa wa farantin, zai mai da nikel ja mai haske, amma sai amoniya ta kashe asid ɗin tukuna, in ba haka ba ba ka ganin komai. Sinadarin ferosayanid kuma yana mai da baƙin ƙarfe shuɗi mai duhu. Nisan da ɗigo ya yi a raba da nisan da ruwa ya yi, shi ne Rf.

Inda ake yawan faɗuwa: samfuri ya yi kauri, ɗigon ya ja wutsiya ya shiga na maƙwabcinsa. Ko a bar murfi a buɗe, asiton ya tsere ya bar ruwa da asid, lambobin su sauya.  Faranti mai bayan alminiyam kuma HCl na cin sa, gara na gilashi ko roba.

Ban ce Turawa ba su iya ba, tsarinsu da tsaftarsu abin koyi ne. Sai dai yaron da ya haddace abin da amoniya ke yi wa kowane ƙarfe don jarrabawar WAEC, alhali bai taɓa riƙe kwalbarta ba, ya fi da yawa daga ɗaliban nan sanin dalilin launin. Kayan aiki ya rasa, kuma ba na miliyoyi ba ne. Ko takardar tace ruwa ta ɗakin gwaji tana raba ƙarafan nan huɗu. Mu kuwa mun zauna jiran babbar na'urar AAS mai auna yawan ƙarfe a cikin samfuri, wadda ke son lantarki tsayayye da iskar gas da fitilar kowane ƙarfe.

TLC ba ta maye gurbin AAS. Iyakar dalma a ruwan sha a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 0.01 ce a lita, faranti ba zai ga wannan ba sai an ƙafe ruwa mai yawa an tattara shi. Amma ga ƙasa da laka da tarkacen ma'adinai da aka jiƙa a asid tana nuna inda ya kamata a fara dubawa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, da su ake ban ruwan kabeji da karas da latas da ke cika motoci zuwa Abuja, a cikinsu yara ke wanka. Jos na da jami'a, tana da cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa. Me zai hana a ba kowane ɗalibin shekarar ƙarshe kududdufi ɗaya, ya ɗebo lakarsa rani da damina, a rubuta abin da aka gani a ajiye?