Gangara ta fi hawa haɗari

Masu shirin yawon kwanaki da keke a duwatsun Mandara, daga Mokolo zuwa Rumsiki a arewacin Kamaru, sukan ɗauka hawa ne wahalar, gangara kuwa hutu. Ba haka ba ne. Keke mai ɗauke da tanti, ruwa da abinci yana da nauyi, idan ka danne birki ba sakewa, ƙarfen ƙafar keken zai yi zafi, robar birki ta daina kamawa, har robar cikin taya ta fashe. Ka riƙa kamawa kana saki, birkin gaba da na baya tare. Ka tsaya ka taɓa ƙarfen, in ya ƙona yatsa, jira ya huce. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, gefe biyu daidai. Kada ka tafi ba robar birki ta canji.