Jerin Burinka Ya Cika, Amma Ina Sunayen Masu Bin Ka Bashi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana mazauna Legas.

Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla a Agege, wani matashi da nake ji da shi ya miƙo mini wayarsa cikin farin ciki, ya ce, "Baba, duba ka gani." Jeri ne ya rubuta na abubuwan da yake son yi kafin ya mutu, kuma ya riga ya sa alama a gaban waɗanda ya cika. Ya hau jirgin ƙasa mai amfani da lantarki da ya fara ɗaukar fasinja a 2023 daga Marina zuwa Mile 2. Ya je gandun dajin Lekki ya taka gadar nan mai lilo a saman bishiyoyi, wadda tsawonta ya kai mita 401. Ya shiga kwalekwale mai inji zuwa Tarkwa Bay. Saura Badagry, saura hawa jirgin sama, saura Dubai. Muna cikin haka sai wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya fito daga masallaci, sai na ga yaron nan ya sunkuyar da kai ya juya baya har dattijon ya wuce. Na san dalili, domin a gabana aka ba shi rancen, kuma shekara ta zagayo bai biya ba.

Tun daga ranar zuciyata ba ta huta ba, domin na san ba shi kaɗai ba ne.

Kada wani ya ɗauka ina hana yawon buɗe ido ne. Allah da kansa ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba. Akwai ɗan'uwanmu da ya shekara ashirin a garin nan bai san ko'ina ba sai rumfarsa da ɗakin kwanansa, bai taɓa ganin teku da idonsa ba alhali yana zaune a bakinta, kuma wannan ba abin yabo ba ne. Wanda ya je Badagry ya ga gidan benen da aka gina a 1845, ya tsallaka tsibirin Gberefu ya tsaya a wurin da aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa ba su ƙara ganin gida ba, zai dawo da zuciya mai taushi in dai yana da tunani. Ku je, ku kai 'ya'yanku, Allah ya sa albarka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kai da hannunka ka rubuta kalmar mutuwa a saman jerin nan, ka yarda tana tafe, sannan ka jera abu ashirin ko talatin, babu ko layi ɗaya da ke ɗauke da sunan mutumin da ke bin ka kuɗi. Ɗan'uwana, da kuɗin wa ka shiga kwalekwalen? Da kuɗin wa ka sayi sabuwar shaddar da ka ɗauki hoto da ita a kan gadar? Ka sa hoton a Facebook, mutane suna ta yi maka fatan alheri, mai bin ka bashi kuma yana cikin masu kallo, yana lissafin kuɗin makarantar 'ya'yansa da bai biya ba. Ka taɓa tunanin abin da yake faɗa wa Ubangijinsa a wannan daren?

Mun san hadisin, tun muna makarantar allo da Islamiyya muke jin sa: jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Mun san ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Mun san an kawo gawa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ba jahilci ne ya kama mu ba, sakaci ne da dogon buri.

Kuma bashin da nake nufi ba sai na miliyoyi ba. Mai shayin bakin layi da ka shafe watanni kana cewa ya rubuta, har ka canza hanya don kada ku haɗu. Telan da ya ɗinka maka kayan Salla ka ba shi rabi. Zubin adashin da ka kwasa tun farko, da aka zo kan na wasu sai wayarka ta daina shiga. Saƙon kuɗin da wani bawan Allah ɗan acaba ya ba ka ka kai wa mahaifiyarsa a ƙauye, ka taɓa shi da niyyar za ka mayar. Yaron shagon da ya yi maka shekaru yana buɗewa yana rufewa, ka yi masa alkawarin sallama, kullum sai ka ce kasuwa ba ta kyau, alhali kana neman bizar Dubai. Haba Alhaji! Yaron nan ɗan wani ne, kuma iyayensa amana suka ba ka da suka sa shi a mota daga Arewa.

'Yan uwana mata, ku ma kuna ciki. Hajiya, atamfar da kika karɓa bashi don bikin wance, an yi biki an watse, an yi suna, yanzu kina shirin zuwa bakin teku da ƙawaye, mai atamfa kuwa kunya ta hana ta yi miki magana. Kunyarta ba yafiya ba ce.

Wani zai ce ai yana da niyyar biya, sai dai yana so ya ɗan more ƙuruciyarsa tukuna. To wa ya ba ka takardar cewa za ka kai gobe? Mu da ke bin gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 a kan ruwa, mu da ke ratsa tsakanin tireloli a hanyar Apapa, mu da ke kwana a kan hanya cikin motar dare tsakanin Legas da Kano, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin cewa rai ba ya sallama. Babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Sau nawa muka tsaya a sahu aka ajiye makara, wani daga dangi ya ɗaga murya ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya same su? Matsalar ɗan ci-rani ita ce danginsa suna can nesa, ba su san da wa ya yi hulɗa ba, shi kuma bai rubuta ba, duk da cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Masu bin sa wasu su yi shiru don kunya, wasu ma ba su ji rasuwar ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Nauyin yana nan a wuyansa.

Wanda da gaske ba shi da hali, wannan maganarsa daban ce, kuma Allah ya umarci mai bin sa ya saurara masa har ya samu sauƙi. Amma ko shi, ya je da ƙafarsa ya yi bayani, kada ya ɓuya. Sau da yawa ɓuyan ya fi rashin biyan ƙona rai. Mutanenmu masu karamci ne, za ka tarar da wanda zai ce ka riƙa kawo kaɗan kaɗan, har da wanda zai ce ya yafe duniya da lahira.

Don Allah, don Annabi, yau ɗin nan ka buɗe wayar nan. Kada ka goge jerin naka, amma ka hau samansa ka rubuta sunayen mutanen da ke bin ka, da adadin kuɗin kowa, ka tura wa matarka ko wani ɗan'uwanka amintacce ya ajiye. Ka fara da wanda ya fi talauci a cikinsu. Kuɗin da ka tara don Badagry, ka tura wa mai albasa, Badagry tana nan ba inda za ta je.

Ka kira shi kafin sallar isha'i. Don Allah ka kira shi.