Kare ya ciji mutum, wa za a gaya wa?

Duk wanda ya taɓa ɗaga ƙafa don kai rahoton cizon kare ya san ainihin ma'anar jeka-ka-dawo. A asibiti za a wanke maka raunin, a rubuta maka allura, sannan a ce maganar karen ba tasu ba ce, ka nufi likitocin dabbobi. Ka isa can a ce su dabbar da aka kawo musu a ɗaure suke dubawa, karen da ke yawo a titi kuwa aikin ma'aikatan tsaftar muhalli ne. Ka je ƙaramar hukuma, mai riƙe da littafin ya fita, ko yana taro, ko ya tafi kwas. 'Yan sanda su tambaye ka ko ƙara za ka shigar a kan mai karen. Ƙarar wa? Ai ba ka ma san ko yana da ubangida ba!

Abin da ke ƙona min rai shi ne kowane ɗayansu yana magana kamar kai ne ka zo neman alfarma. Malam, ni na riga na sha cizona. Rahoton nan saboda wanda karen zai ciza gobe ne.

Kuma wannan ba irin aikin da ake cewa a dawo mako mai zuwa ba ne. Ƙa'idar da likitoci suka daɗe suna bi ita ce a tsare kare ko kyanwar da ta yi cizo a zuba mata ido kwana 10. Dalili kuwa: in har ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar lokacin da ta yi cizon, za ta nuna alamun ciwo ko ta mutu kafin kwanakin su cika. In ta wuce su lafiya ƙalau, hankalin wanda aka ciza ya kwanta. To wa zai kama dabbar? Wa zai tsare ta, wa zai riƙa leƙa ta kullum? Kwanakin nan daga ranar cizo suke fara tafiya, ba daga ranar da mai littafi ya dawo daga kwas ba. Kafin a gama tura ka daga wannan tebur zuwa wancan, karen ya yi ɓatan dabo, ko kuma mutanen da suka fusata sun rufa masa da sanduna sun farfasa kansa sun jefar. Nan ma an yi asara, domin ƙwaƙwalwar dabbar ake gwadawa a ɗakin bincike don tabbatar da cutar. Ban ga laifin masu sandunan sosai ba. Da sun san akwai wanda zai zo in an kira shi, da ba su ɗauki doka a hannunsu ba.

Wai me ya sa ake wasa da wannan cuta? Da zarar alamunta sun bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, maƙogwaronsa na shaƙewa in ya yi ƙoƙarin sha, kusan babu mai tashi. Tana iya kwanciya a jiki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, raunin ya warke an ma manta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan duk ta hanyar kare. Ƙiyasi ne fa, ba ƙidaya ba, saboda yawancin cizon ba ya shiga kowane littafi. Ta yaya zai shiga, alhali wanda ya kawo rahoto da ƙafarsa ma an sallame shi ba a rubuta ko sunansa ba? Daga baya a zauna a ce babu alƙaluman da ke nuna ana buƙatar ƙarin allura, ko yi wa karnuka rigakafi.

Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda cutar ke kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro shi ne mai jan wutsiyar kare, shi ne wanda fuskarsa ke daidai da bakin karen, shi ne kuma mai ɓoye yaƙushi don tsoron faɗa. Uwar da ta gano, ta kinkimo shi hankali a tashe, ita za a ce wa ta rubuto takarda ta kawo kwafi biyu?

Ba wanda ma zai tsaya ya gaya mata abin da ya kamata ta sani tun a minti na farko: a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a fara allura nan take ba a jira sakamakon tsare karen ba. In haƙori ya shiga sosai, akwai wata allurar garkuwa da ake yi a cikin raunin kansa, kuma bayan kwana 7 da allurar farko ba ta da sauran amfani. Wannan bayani bai kai numfashi uku ba, amma ya fi ƙarfin mai zaman tebur.

Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, da allurar wannan cuta a Faransa. An san in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, yaɗuwarta na tsayawa. An ware 28 ga Satumba don tunawa da ita, an ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon kare nan da 2030. Za a buga riguna da huluna, a yi jawabi, a watse.

Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. Lamba guda da za a kira a ɗauka, har da daddare da ranar hutu. Asibitin da ya wanke rauni shi ya sanar da likitan dabbobi da kansa, kada a ɗora wa mai ɗingishi aikin masinja. A samu mutum ɗaya mai suna da muƙami wanda in kare ya yi cizo aka kai rahoto, ya sake cizon wani, shi za a tsayar ya yi bayani.