Ba maganin ƙiba ba ne, ku faɗa wa mutane

Labarin nan da kuka wallafa ya ce ana narkar da kitsen tumbi da na cinya da hasken leza, mutum ya koma gida ranar. Haka ne, amma kun bar muhimmin abu. Aikin tiyata ne. Ana huda fata, a zura siririn bututu mai ɗauke da zaren leza, zafinsa ya narkar da kitsen, sannan a zuƙe shi. Zafin nan kuwa yana iya ƙona fata, kuma sai an yi makonni ana ɗaure da matsattsiyar riga kafin kumburi ya sauka.

Kitsen ƙarƙashin fata kawai yake taɓawa. Wanda ya lulluɓe hanji da hanta, mai jawo ciwon suga da hawan jini, yana nan daram. Don haka mai neman lafiya kada ya ɗauka ya samu mafita.

'Yan uwana mata, mu tuna Stella Obasanjo, matar tsohon shugaban Najeriya Olusegun Obasanjo, wadda ta rasu a Sifen a 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse. Nata ba na leza ba ne, amma shi ma bututu ake zurawa. Ku kuma da kuka wallafa labarin, don Allah ku tuntuɓi ƙwararren likitan fiɗa ya yi mana bayanin haɗarin.